Filin bakin tafki: yadda muka bi takarda daga zauren mai unguwa har majalisar jiha

Ni aka ɗora wa rubutu a kwamitin unguwarmu, don ni malamin sakandare ne kuma ina da kwamfuta a gida. Kusan duk takardar da ta fita da sunan jama'a kan maganar filin bakin tafki ta hannuna ta bi. Yanzu mutanen wasu unguwanni kan tare ni a masallaci ko wajen ɗaurin aure su ce, Malam, ta ina kuka fara? Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Unguwarmu tana gangaren garin Gombe. Wanda ya zauna a garin nan ya san a kwance yake: ruwan da ya sauka a tudun yamma, wajejen Tumfure da Shongo, gabas yake nufa, ya ratsa unguwanni, ƙasar kuma yashi ya yi mata yawa, ba ta da riƙo. A bakin unguwarmu akwai wani fili mai faɗi da ya gangara zuwa tafki. Da damina tafkin kan cika ya malale fadamar, da rani ya janye ya bar laima. Masu lambu na noman alayyafo da latas da yakuwa a gefe guda. Akwai tsofaffin mangwarori da dogonyaro da 'yan giginyu, sai wani sarari mai ƙura daga sama inda samari ke buga ƙwallo da yamma. Nan ake sallar jana'iza in jama'a ta yi yawa, nan almajirai ke wanki ranar Alhamis, nan tsofaffi ke gudun zafin Afrilu.

Bayan wata ƙaramar Sallah muka wayi gari da turaku masu jan fenti an kafa su tun daga bakin titi har cikin ruwa. Yaran safiyon da suka dawo washegari suka ce ƙaramin filin wasa za a gina: katanga, kujerun siminti, wajen ajiye motoci, da jerin shaguna a jikin katangar suna kallon titi. Tafkin kuwa za a cike shi da jar ƙasa. Wanda ya kawo aikin da wanda ya samu kwangilar ba zan ambace su ba, muna haɗuwa a sahu har gobe.

Taron farko bayan sallar isha'i aka yi shi, kuma saura kaɗan a tashi baram-baram. Dattawa suka ce ba su yarda ba, samari suka ce sun yarda. Kocin yaran unguwa ya miƙe ya ce wa shugaban taron, "Baba, ku yi mana adalci. Tun muna yara muke buga ƙwallo cikin ƙaya da fasassun kwalabe, babu wanda ya taɓa kiran taro saboda mu. Yau an ce za a gyara mana, shi ne kuka taru?" Ba wanda ya iya ba shi amsa a daren, don gaskiya ya faɗa.

A ganina nan aikin yake, kuma nan yawancin unguwanni ke faɗuwa. In aka bar maganar a matsayin tsofaffi masu ƙin ci gaba da samari masu son ƙwallo, an gama da ku tun ba ku rubuta layi ɗaya ba. Mai aikin ba ya bukatar ya yi jayayya da ku, 'ya'yanku ne za su yi masa. Saboda haka makonnin farko ba mu je ofishin kowa ba. Bakin filin muka riƙa zuwa da yamma, mu zauna har a tashi daga wasa. Tambayar da muka yi ta yi musu guda ce: in an kewaye, makullin a hannun wa zai kwana? Sun san filin wasa na Pantami, wanda aka buɗe a 2010 zamanin Gwamna Danjuma Goje, sun sha zuwa kallon Gombe United a can. Wuri ne mai kyau, amma ba wurin da yaro zai ɗauko ƙwallonsa bayan la'asar ya shiga don ransa ya so ba ne. Duk filin da ya samu katanga zai samu ƙofa, ƙofa za ta samu maigadi, maigadi kuma zai samu wanda yake amsa wa. Sai 'yan biki da 'yan taron siyasa su riga ka.

Sannan muka ari tef muka auna tare da su. Cikakken filin ƙwallo irin na manyan gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140, ɗan sama da fuloti 15 na ƙafa 100 da 50. Sararin da suke wasa a kai ya ɗauki wannan da rara, ba tare da an taɓa ko bakin fadamar ba. To me ke bukatar tafkin? Shaguna da wajen motoci. Koci da kansa ya riƙe bakin tef ɗin. Da muka gama ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe mu ne ganyen rufi." Aka ba shi mataimakin shugaban kwamiti, muka kuma sauya bukatarmu baki ɗaya. Ba mu ƙara cewa ba ma son filin wasa ba. Muka ce a gyara fili, a kafa raga, a bar tafki, a bar itatuwa, kada a kewaye.

Daga nan muka bi matakala: mai unguwa, dagaci, hakimi. Wasu 'yan boko cikinmu suka ce ɓata lokaci ne, tunda sarakuna ba su da iko da ƙasa. Ta fuskar doka da gaskiyarsu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙasar cikin birni kuma shi ke rabonta kai tsaye. Hakimi da bakinsa ya faɗa mana haka. Shugabanmu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun san ba kai ka bayar ba, amma ba za mu tsallake ka mu je wani wuri ba." Hakimi ya ce, "Kun kyauta. Amma ku rubuto. Abin da aka faɗa da baki a zauren nan yake kwana." Amfanin wannan tafiya daga baya ya fito. Takardarmu ta shiga ofisoshi da wasiƙar hakimi a samanta, don haka duk wanda ya so ya kira mu 'yan adawa ko masu tada zaune tsaye sai ya fara tunanin wa yake haɗawa da mu.

Abin da ya fi komai yi mana aiki wata tsohuwar taswira ce. Akwai wani dattijo a layinmu, Baffa muke ce masa, ya yi ritaya daga aikin zanen taswira tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a ƙirƙiro jihar a 1996. Shi ya ce mana kowace unguwar da gwamnati ta yanka tana da taswirar rabon filaye mai lamba, kuma a kanta ake ware wurin makaranta da kasuwa da maƙabarta da sararin da ba a gini. Ya ce mu duba takardar filin gidan kowane ɗayanmu, lambar taswirar tana jiki. Haka kuwa aka yi. Na rubuta takardar neman kwafi zuwa ofishin da ke kula da filaye, na ambaci lambar, na kuma ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa. A lokacin jihohi da dama na cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, don haka ban dogara da ita kaɗai ba. Mun biya kuɗin kwafi, muka karɓi rasit, muka nace a buga mana hatimin tabbatarwa a jiki. Kwafin da ba hatimi, wani na iya cewa a shagon hoto ka zana shi. A taswirar, filin nan duka an ware shi sarari ne na jama'a, an kuma ja layin hanyar ruwa ta tsakiyarsa zuwa kwalbatin babban titi.

Lissafin ruwan kuma 'yar maƙwabcinmu ce ta yi mana, injiniya ce mai aikin hanyoyi. Ta zo taro da alli ta rubuta a bangon makarantar Islamiyya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. In aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, irin wanda Agusta ba ta rasa kawowa, lita 500,000 ke sauka a kan kowace hekta, wato cikin tankar mai 15 masu ɗaukar lita 33,000. Ciyawa da yashi kan shanye kaso mai yawa, su saki sauran a hankali. Siminti da kwano kusan duka suke tunkuɗowa, kuma a lokaci guda. Wannan ma na filin ne kawai. Ruwan da ke gangarowa daga unguwannin sama yana hutawa ne a tafkin kafin ya wuce. Ta juya ta ce wa liman, "Baba Liman, in an cike tafkin ruwan ba fasa zuwa zai yi ba. Masauki kawai zai sake, kuma gidajen layin ƙasa ne mafi kusa."

Ba sai an yi wa mutumin Gombe dogon bayani a nan ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2004 suna nan da ransu. Kowa ya san yadda kwari ke farawa, daga 'yar tsaga a bakin kwalbati zuwa ramin da ke haɗiye ɗaki. Mun ga aikin da aka yi a kwarin bayan jami'ar jiha zuwa Malam Inna, da na wajen kwalejin ilimi ta tarayya, da tallafin Bankin Duniya, aiki na biliyoyin naira. Jihar ma tana da shirinta na dashen itatuwa tun 2019. Wannan na zuba cikin takardar koke: ba mu zo yaƙi da manufar gwamnati ba, manufarta muke roƙon a bi.

Takardar shafi biyu ce kacal. Ta faɗi su wane ne mu, me taswira ta ce, ina ruwa zai je, me muke nema. Muka liƙa kwafin taswirar, da hotunan layin da ruwa ya bari a bangayen layin ƙasa, da jerin masu sa hannu, kowa da sunansa da layinsa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Mu maza mun tsaya bakin masallaci muna tara hannu muna jin mun yi ƙoƙari. Wata Goggo mai sayar da ƙosai ta karɓi takardun ta shiga gida-gida, ta dawo da ninkin namu. Mata ne ke kwashe ruwa daga ɗaki da tsakar dare, ba su bukaci wa'azi ba.

Ga abin da zan jaddada wa duk mai shirin bin wannan hanya. Kowane ofis ka kai takarda, ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ka nemi lambar fayil. Ka san akawun da ke rajista da masinjan da ke ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ka gaishe su da sunan girma, don su suka san inda takardarka ta kwana, darakta sau da yawa bai sani ba. Mun kai wa ofishin tsara birane, da na filaye, da na muhalli, da ƙaramar hukuma, da ɗan majalisarmu.

Lauya ɗan unguwa ne, bai karɓi kuɗinmu ba, kuma bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce filin ba namu ba ne a takarda, babu mai satifiket a kansa cikinmu. Masu lambu da suka gaji wurin suna da magana, amma sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma diyyar abin da ke kan ƙasar yake magana, shuka da gini da rijiya, ba ƙasar kanta ba. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce hukuma ta kare muhalli, sai dai yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa kai tsaye. Ya ce ƙofar ta ɗan buɗe tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018, a shari'ar wata ƙungiyar kare muhalli da kamfanin NNPC, inda aka yarda masu kishin jama'a na iya shigar da ƙara kan ɓarnar muhalli. Akwai kuma dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda a ƙarƙashinta ake baje rahoto kwanakin aiki 21 jama'a su duba su yi ƙorafi, amma manyan ayyuka ta fi kamawa, mai ƙaramin aiki na iya cewa bai kai ba. Tsara birane kuwa hurumin jiha ne tun hukuncin 2003 a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, don haka maganinmu a gida yake. Shawararsa ita ce a ajiye kotu a ƙarshe: shari'a na cin shekaru, kuma mai neman a dakatar da aiki kan ɗauki alkawarin biyan asara in ya faɗi. Abin da ya yi shi ne wasiƙa guda, yana neman a nuna takardu uku: amincewar sauya amfanin filin daga sararin jama'a, izinin gini, da rahoton muhalli.

Kafin amsa ta zo, gireda ta zo. Da hantsi ta tuge mangwarori daga gefen titi, tifofi suka fara juye jar ƙasa a kusurwar tafkin. A ranar ne muka gane wasu daga cikin masu lambu sun karɓi kuɗi sun sa hannu. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin da aka ce masa ko ka karɓa ko ka rasa duka, ga iyali, me zai yi? Samari suka taru da duwatsu, waɗannan dai da suka so aikin da farko. Liman da koci suka tsaya tsakaninsu da motar. Da an fasa gilashi ɗaya a ranar, da maganar ta tashi daga tafki ta koma belin yara. Mata suka fito da tabarmi suka zauna a inuwar sauran itatuwan. Ni da shugaba muka tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarmu, ɗauke da kwafe-kwafen nan masu hatimi, muka ce akwai koke a gaban hukuma kuma muna tsoron fitina. Jami'in ya aika aka ce direba ya kashe mota har a ji daga sama.

Gidan rediyo ma mun je, shirin koke-koken jama'a. Ban yi magana ba. Koci da Goggo aka sa gaba, don mai sauraro ya ji ɗan ƙwallo da bakinsa yana cewa ba ya son katanga.

Ɗan majalisarmu ya gabatar da koken a zauren majalisar jiha, aka tura wa kwamitin sauraron koke-koke. Sashe na 128 na tsarin mulki ya ba majalisar jiha ikon bincike, kuma tana iya kiran jami'i ya zo da fayil. A zaman, ɓangaren mai aikin sun yi magana mai nauyi. Suka ce matasa ba su da aikin yi, shaguna za su ɗauki wasu, wasa na raba yaro da shaye-shaye, kuma garin da ya sha fama da 'yan daban da ake kira 'yan kalare bai kamata ya ƙi filin wasa ba. Duk zauren ya gyaɗa kai, har ni. Amsarmu ita ce mun yarda da kowace kalma, ga ma wurin da fili zai zauna, mun auna. Shugaban kwamitin ya nemi takardu ukun nan. Aka kawo takardar ba da fili da zanen gini. Amincewar sauya amfani da rahoton muhalli aka ce suna kan hanya.

Roƙo ɗaya muka yi, kuma injiniyarmu ce ta ba da dabarar: in za su zo ganin wuri, su zo cikin Agusta. Da rani wurin busasshen fili ne, duk baƙo zai ce asara ce a bar shi haka. Suka zo washegarin wani ruwan dare. Tafkin ya haɗe da fadama, ruwa ya kewaye tulin jar ƙasar da aka juye ya sake hanya ta bayan gidajen layin ƙasa, ya fara cin gindin wata katanga. Mai gidan ya kama hannun wani ɗan majalisa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tifa nawa ce kawai. Yaya in an cike duka?"

Matsayar majalisa shawara ce, ba ta da ƙarfin hukuncin kotu. Amma bayanta ofishin tsara birane ya aiko aka shafa jan fenti a bulullukan da aka fara jerawa, da umarnin a tsaya. Ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Daga baya aka baje sararin sama da gireda, aka kafa ƙarafan raga, babu katanga. Mangwarorin da aka tuge sun tafi. Jar ƙasar kusurwa mu muka kwashe ta da baro ranakun Asabar, muka dasa jema a bakin ruwan don saiwarta na riƙe ƙasa. Masu lambun da suka karɓi kuɗi sun dawo suna noma, ba wanda ya ce musu uffan, ko da yake gaisuwa tsakaninsu da wasu ta yi sanyi.

Har yau ba mu riƙe takardar da ta ce an soke ba da filin ba, dakatarwa ce kawai a hannunmu. Don haka mun sake rubutawa muna neman a soke a rubuce, a sake awo, a kafa duwatsun iyaka, a kuma yi wa wurin rajista a matsayin sararin jama'a. Wannan fayil ɗin yana ofishin filaye, koci ne ke bin sa yanzu, ni na koma kan littafin kuɗi. Kowane gida na ba da abin da ya sawwaƙa duk wata don yashe hanyar ruwa kafin damina, kuma 'yan layin sama sun fara cewa su ruwa ba ya shiga musu, me ya sa za su biya daidai da 'yan ƙasa. Maganar da za a tattauna ke nan a taron Juma'a mai zuwa.